Kyautata Wa Allah Zato, Kyautata Wa Maƙwabci Zato

'Yan uwa mutanen Bobi na gida da na waje, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, muna yi wa kowa fatan alheri.

A 'yan shekarun nan babu kalmar da ta fi yawa a bakinmu kamar "an gaji". Ana faɗinta a majalisa bayan la'asar, ana faɗinta a tasha, ana faɗinta a waya idan ɗan uwa da ke Minna ko Kaduna ko Legas ya bugo yana tambayar gida. Wanda ya faɗe ta bai yi ƙarya ba, domin abin da ya samu yankinmu ya isa ya gajiyar da mai ƙarfin hali.

Ba mu manta da shekarar 2021 ba. Ranar 17 ga Fabrairu 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta gwamnati da ke Kagara suka tafi da ɗalibai 27 tare da wasu ma'aikata da iyalansu. Ranar 30 ga Mayu suka kwashe yara sama da 100 daga Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina, wasunsu ƙanana ne ƙwarai. Ranar 25 ga Oktoba aka kashe mutum 18 a harin masallacin Mazakuka da ke ƙaramar hukumar Mashegu, ana cikin sallar asuba. A watan Satumbar wannan shekarar kuma muka rasa uban ƙasa, Sarkin Sudan na Kontagora Alhaji Sa'idu Namaska, bayan ya shafe shekaru 47 a kan karaga. Waɗannan su ne waɗanda rediyo ya faɗa. Na ƙauyukan ƙaramar hukumarmu ta Mariga da babu ɗan jaridar da ya je, mu ne muka san su, domin mu muka yi jana'izar, mu muka yi karo-karon kuɗin fansa, mu kuma muka sauki waɗanda suka gudo da tabarma da tukunya a ka.

Ana cikin haka sai ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, sannan aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun shekarar. Kuɗin mota ya ninka, taki ya yi tsada, magani ya yi tsada. Manomin da gonarsa ke nesa da gari ya shiga tsaka mai wuya: idan ya je noma bai san ko zai dawo ba, idan ya zauna gida bai san abin da yara za su ci ba.

Duk wannan asara ce da ido ke gani. Akwai wata kuma da ba a ƙirga ta, ita ce ta fi ba mu tsoro, wato asarar yarda da juna. Tun da kalmar "infoma" ta shigo gari, mutum ba ya sakin baki a gaban wanda suka tashi tare. Wanda ya sayi sabon babur sai a fara tambayar ina ya samo kuɗi. Wanda ya je gona ya dawo lafiya ranar da aka ɗauke wasu, sai a bi shi da kallo. Bafulatanar da ta shekara ashirin tana kawo nono da man shanu ƙofar gidajenmu, yau tana shigowa gari gabanta na faɗuwa, alhali ita ma an kore shanun mijinta, ita ma an biya fansar ɗanta. Ga rigimar jam'iyya da ke hana 'yan uwa gaisawa tun daga zaɓe har zuwa wani zaɓen. Ga saɓanin fahimta tsakanin masallaci da masallaci. Ga saƙonnin murya a WhatsApp da ba a san wanda ya yi su ba, amma kafin magariba sun zaga kowace waya.

Abin da muke so mu tunatar da kanmu shi ne, yanke ƙauna daga rahamar Allah da munana wa maƙwabci zato tafiyarsu ɗaya. Ba kasafai Musulmi zai buɗe baki ya ce ya fid da rai daga Ubangijinsa ba, ya san wannan babban zunubi ne. Amma yanke ƙauna yana da wata ƙofar da yake shigowa a ɓoye. Idan zuciya ta yarda cewa babu sauran mutumin kirki, kowa maci amana ne, wannan ƙabila duk ɓarayi ne, wancan ɓangare ba za su taɓa gyaruwa ba, to ta riga ta yanke hukunci cewa Allah ba zai shiryar da kowa ba, ba zai kuma sauya komai ba. Shi ya sa muke ganin mai son ya auna ƙarfin fatansa ga Allah, ya duba yadda yake kallon mutanen unguwarsa.

Mu ɗauki ƙissar Annabi Yaƙub (AS) a Suratu Yusuf, wadda ko yaran makarantar allo sun san ta. Cutar da aka yi masa ba daga baƙi ta zo ba, daga cikin gidansa ta fito. 'Ya'yansa ne suka raba shi da Yusuf, suka zo masa da riga da jinin ƙarya, kuma ya gane ƙarya suke yi. Bayan shekaru masu yawa aka sake raba shi da wani ɗan. Ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, wanda ke nuna mana kuka da jin zafi ba raunin imani ba ne. To amma da ya tashi neman waɗanda za su je cigiyar Yusuf da ɗan uwansa, wa ya aika? Waɗannan 'ya'yan dai da suka cuce shi, su ya aika, kuma su ya yi wa gargaɗin kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Bai kore su daga gida ba, bai ce sun gama lalacewa ba. Da ya yanke su, da babu mai komawa Masar, da babu mai kawo masa rigar da ta zama sanadin dawowar ganinsa. Fatansa ga Allah shi ya hana shi fid da rai daga mutanen da ke gabansa, kuma ta hannunsu sauƙin ya zo.

Malamai da dama sun ce wannan sura ta sauka ne a lokacin da Manzon Allah (SAW) yake cikin matsanancin hali a Makka, wajen shekara ta 10 da aiko shi, shekarar da ya rasa matarsa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib. Ya tafi Ɗa'ifa neman mafita, aka sa yara da wawaye suka jefe shi har ya zubar da jini. A hanyar dawowa aka ba shi zaɓin a hallaka waɗanda suka ƙi shi, ya ƙi amincewa, yana fatan Allah zai fitar da masu bauta masa daga tsatsonsu. A shekara ta 9 bayan Hijira mutanen Ɗa'ifa da kansu suka aiko wakilai Madina suka karɓi Musulunci. Ita kanta Madina, 'yan shekaru kaɗan kafin Hijira, Ausu da Khazraju sun karkashe juna a yaƙin Bu'asu. Waɗannan maƙiyan junan su ne daga baya suka haɗu aka kira su Ansar.

Ko a ƙasarmu ta Kontagora tarihi ya nuna mana irin haka. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa wannan masarauta a ƙarni na 19, kuma zamanin nan zamani ne na yaƙe-yaƙe da hare-hare, mutane da yawa suka bar gonakinsu suka hau duwatsu don tsira. A 1901 Turawa suka ci Kontagora da yaƙi, Sarki Ibrahim Nagwamatse ya fita, sai a 1903 aka mayar da shi kan sarauta. Wanda ya rayu a waɗannan shekaru zai iya rantsuwa cewa ƙasar nan ba za ta sake zama lafiya ba. Amma ga shi jikokin waɗanda suka kai hari da jikokin waɗanda aka kai wa, Hausawa da Fulani da Kamuku da Kambari da Dakarkari, sun zo sun ci kasuwa ɗaya, sun yi auratayya, sun zauna aji ɗaya a makaranta. Kakanninmu sun ga abin da ya kai namu muni, Allah kuma ya fitar da su.

Mu ma a zamaninmu mun ga alamu. Yaran Tegina sun yi kusan wata uku a daji, har wasu suka fara cewa a haƙura da su, sai ga su sun dawo a ƙarshen watan Agusta na 2021. A ranar 21 ga Nuwamba 2025 aka kwashe ɗalibai da ma'aikata fiye da 200 daga makarantar St. Mary ta Katolika da ke Papiri a ƙaramar hukumar Agwara, kuma kafin Kirsimeti aka sanar da sako na ƙarshensu. Uwar Tegina Musulma ce, uwar Papiri Kirista ce, amma rashin barcin da suka yi iri ɗaya ne, kuma mai ɗauke yaran bai tambayi addinin kowa ba kafin ya faɗi kuɗin fansa. Sai dai ba za mu ɓoye gaskiya ba: akwai yaran Tegina da suka rasu a hannun masu garkuwa, akwai kuma mutanenmu da har yau ba a ji ɗuriyarsu ba. Kyautata wa Allah zato ba alkawari ba ne cewa duk wanda aka ɗauka zai dawo. Yaƙini ne cewa babu hawayen da ya zuba Allah bai gani ba, babu kuma azzalumin da zai tsere wa hisabi. Ga wadda mijinta bai dawo ba, wannan yaƙinin ne abin riƙonta, mu kuma aikinmu ne kada mu bar ta ta riƙe shi ita kaɗai.

Idan ana neman malamin da zai koya mana tawakkali a aikace, manomin Bobi ya isa. Duk shekara idan ruwan farko ya sauka, yakan ɗebi irin masara ko dawa ko gyaɗa da ya hana kansa ci a lokacin bazara, ya je ya binne a ƙasa. Ba shi da tabbacin ruwa zai kai ƙarshen damina, ba shi da tabbacin za a bar shi ya girbe. Duk da haka yana shukawa, domin ya san nasa shi ne shuka, tsirarwa ta Allah ce. Wannan shi ne abin da aka koya wa balaraben nan da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna. Zumunci ma shuka ne. Gaisuwar da muka kai rugar da ke makwabtaka da mu, da gudummawar da muka kai gidan wanda ba jam'iyyarmu ɗaya ba, iri ne muka binne a lokacin da babu tabbas.

Allah ya ba garinmu abin da ba kowane gari ke da shi ba. Makiyayar Bobi mai faɗin kimanin hekta 30,000 tana cikin sanannun makiyayu a Najeriya, har a 2019 gwamnatin jiha da Babban Bankin Najeriya suka jawo kamfanonin madara don su zuba jari a cikinta. Ma'anar wannan ita ce arzikinmu a ɗaure yake da zaman manomi da makiyayi wuri ɗaya. Makiyayi na buƙatar hatsi da karan gona, manomi na buƙatar taki da shanun huɗa da nono. Duk wanda ya raba su ya talauta su gaba ɗaya, kuma babu mai cin ribar rabuwar sai ɓarawon daji, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka muna roƙon junanmu wasu abubuwa da ba su fi ƙarfinmu ba. Kada mu tura saƙon da ba mu san tushensa ba, Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, ta kuma gargaɗe mu kan yawan zato. Masu kai wa ɓarayi rahoto suna nan, babu mai musun haka, amma wanda yake da hujja a kan wani ya kai ta wurin mai unguwa ko hakimi ko jami'an tsaro, kada ya yanke hukunci a majalisa, domin sunan da aka ɓata a yau yana iya zama sanadin ran mutum gobe. 'Yan uwanmu 'yan sa-kai da ke kwana a waje don mu yi barci, Allah ya saka musu, muna tuna musu cewa laifin wani ba ya hawa kan wani don kawai yarensu ɗaya. Waɗanda Allah ya hore wa a birane su tuna da zawarawa da marayu kafin damina, tiya biyu ta iri da rabin buhun taki na iya tsayar da gida guda. Yaran da suka gudo daga ƙauyuka a sa su makarantar boko da ta allo tare da namu, kada a bar su suna gararamba. Limamanmu kuma, kowane ɓangare suke, idan sun yi alƙunutu su haɗa da kowa, na gari da na ruga, na masallaci da maƙwabtanmu na coci.

Komai nisan dare gari zai waye. Abin da muke roƙo shi ne idan ya waye ya same mu muna iya kallon juna ido da ido, babu wanda ya ɗauki alhakin ɗan uwansa a cikin duhun.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya. Allah ya shiryi masu shiryuwa a cikin waɗanda suka ɗauki makami, waɗanda ba za su shiryu ba ya isar mana da su. Allah ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ke wuyansu, ya ba mu damina mai albarka, ya haɗa kan mutanen Bobi da Mariga da ƙasar Kontagora da Najeriya baki ɗaya. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum warahmatullah.