Ziyarar Gidajen Tarihin Landan: Ina Baƙo Zai Ci Abinci?

Jama'a, tafiya mabuɗin ilmi ce, amma da ruwan ciki akan ja na rijiya. Mun tabbatar da haka ran da muka shiga babban gidan tarihin Ingila, watau British Museum, wanda aka kafa a 1753. Shiga kyauta ne. Muka shagala a zauren kayan ƙasashen Musulmi da aka buɗe a 2018, da tagullan Bini waɗanda sojan Ingila suka kwaso a 1897, har azahar ta gota. Da yunwa ta taso muka tarar ba mu san inda za mu dosa ba, muka ƙare da shayi da burodi.

Don kada haka ta sami ɗan'uwa, ga abin da muka koya. Gidajen nan suna da ɗakunan cin abinci, amma wanda ke neman halal ba zai ɗauki nama ba sai ya tambaya. Burodin da aka cusa wa nama sau da yawa na alade ne. Ko soyayyen kifi da dankali, abincin da Ingilishi ke alfahari da shi, wasu kan kwaɓa fulawarsa da giya. Matambayi ba ya ɓata.

Mafita ba ta da nisa. Daga tashar Tottenham Court Road, tasha uku ce a jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Marble Arch, inda titin Edgware Road ya fara. Nan Larabawa suka jera gidajen abinci. Akwai shawarma da gasasshen naman rago da shinkafa, da falafil, ɗan'uwan ƙosanmu. Babban Masallacin Landan na Regent's Park yana wannan shiyyar.

Kashegari muka nufi gidan Victoria and Albert a South Kensington. Can muka ga dardumar Ardabil ta ƙasar Iran, wadda aka saƙa a shekara ta 946 bayan Hijira, tsawonta ya haura mita 10. Minti goma kawai ake haska ta a kowane rabin sa'a, don kada launinta ya koɗe. Daga nan jirgin layin District ya kai mu Whitechapel ba sauyi. Muka yi salla a Masallacin Gabashin Landan, muka ci biriyani a wurin mutanen Bangladesh.

Wanda ya zo da hunturu ya lura: a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kurkusa. Saboda haka a sammaka, a gama kallo da tsakar rana, a nufi unguwar da abinci da masallaci suke maƙwabtaka.

Allah ya ciyar da mu halal, ya mai da matafiya gida lafiya, amin.