Ƙotar bindiga a hannun maharban Arewa

A watan Afrilun 1899, lokacin da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, mafi yawan mayaƙan sarauniyar da baka da kibiya mai dafi suka tare ta. Bindiga ba ta yawaita a ƙasar Arewa ta Nijar ba a zamanin nan. Ko daga baya da bindigar toka ta shiga hannun maharban Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri, ba kayan da ake saya a yar ba ce. Gadonta ake yi, kuma mai ita ya san ƙotarta na buƙatar kulawa kamar ƙarfenta.

Mutum biyu ke haɗuwa a kan bindiga ɗaya. Maƙeri ya yi ƙarfe da kunama, masassaƙi ya fitar da ƙota da gizago. Itace mai tauri ake nema, irin su ƙirya da aduwa da marke, a bar shi ya bushe sarai, domin ɗanye kan tsage da zarar hunturu ya busa.

In ƙota ta tsufa, gumi da ƙura da hayaƙin albarushi sun yi mata baƙin danƙo, sai a raba ta da ƙarfe. A kankare dattin da bakin wuƙa ko fasasshiyar kwalba, ana bin tsawon itacen, ba a gitta shi, don kada a bar zane. Sai a shanya ta a rana: zafi kan sa tsohon mai ya tsattsafo, a barbaɗa toka ta tsotse shi. A goge da yashi mai laushi, irin wanda kwarin Dallol Mawuri ba ya rasawa. Daga nan a shafa man kaɗe ko man gyaɗa kaɗan-kaɗan, a murza da tafin hannu har itacen ya ɗau ɗumi ya sha. Masu sani ba sa cika mai a inda ƙota ta rungumi ƙarfe, saboda itacen da ya jiƙe da mai yakan yi laushi, ya fashe in bindiga ta yi harbi. Inda aka ga tsaga, a naɗe da ɗanyar fata, in ta bushe ta ɗaure tamau.

Turawa sun daɗe suna amfani da man da ke bushewa ya taurare a cikin itace. Namu ba ya bushewa haka, shi ya sa aikin bai taɓa ƙarewa ba. Bayan girbi, kafin a shiga farautar rani, sai an sake shafawa. A nan ne uba ke nuna wa ɗansa inda ƙota ta fara rauni, da yadda ake ganewa tun kafin ta ci amanar mai ita a daji.

Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun cinye itatuwa da namun daji, gonaki kuma suka mamaye dajin da ya rage. Dokar farauta ta 29 ga Afrilun 1998 ta ɗaure sana'ar da izinin hukuma. Masassaƙa suka fi mayar da hankali ga turmi da ƙotar kalme. Wanda ke da tsohuwar bindiga yau yakan kai wa kafinta, a goge da sanfefa, a shafa banish. Tana sheƙi, ba musu. Amma banish a saman itace yake zama; rana na dukansa ya tsattsage, gyaransa kuwa sai an kankare duka, kuma kowace kankara da ɗan naman itacen take tafiya. Ƙotar da aka yi wa haka sau da yawa takan rame har ƙarfe ya riƙa motsi a cikinta. Don haka duk wanda ya gaji irin wannan ƙota, ya rage wuƙa, ya ƙara mai da haƙuri.