Baƙo a Banaras

Wani ɗan kasuwar Magarya ya sauka Banaras shi kaɗai, neman siliki, ya tarar da Indiyar da silima ba ta nuna masa ba. Ga jama'a maƙil, babu mai yi masa ban gajiya. A lungu saniya ce mai hanya, ba mai taya ta. A Manikarnika, ɗaya daga mashigai sama da 80 na kogin Ganga, ana ƙona gawa dare da rana. Shi da ya saba da likkafani da kabari, abinci ya gagare shi.

Sai la'asar, a unguwar Madanpura, ya ji kiran salla: ashe yawancin masaƙan silikin Musulmi ne. Nan aka amsa masa sallama, nan ciniki ya faɗa.