Aikin Sa Kai a Hasumiyar Bakin Teku

A dogon hutun da ya wuce Baba ya aike ni Akara, babban birnin Gana, wurin Kawu mai sayar da goro a unguwar Nima. Kwana uku na yi ina hamma a rumfa. Da Kawu ya gaji da ganina, sai ya haɗa ni da wani dattijo amininsa, mai yi wa baƙi jagora a hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta unguwar Jamestown. Ya ce in taimaka masa, amma fa ko kwabo ba za a ba ni ba.

Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga ba, ranar farko teku kawai na tsaya kallo. Hasumiyar tana da fenti ja da fari, tsawonta mita 28. Turawan Ingila suka gina ta fari a 1871, wannan kuwa bayan 1930 aka yi ta. Dattijon ya koya mini cewa kowace fitila irin wannan da nata salon walƙiya, da shi matuƙin jirgi yake gane gaɓar da ya dosa cikin dare. Na haddace duka. Aikina shi ne in tarbi baƙi masu jin Hausa, in hau da su har sama.

Ran nan sai ga wata Hajiya daga Zangon Kumasi da 'yarta ƙarama. Hajiya ta dubi matakala ta ce, "Ɗana, hawa nawa ne?" Ban taɓa ƙirgawa ba, kuma kunya ta hana ni faɗi. Na ce, "Ɗari biyu cif, Hajiya." Ta dafa gwiwa ta ce ba za ta iya ba, ta zauna a ƙasa.

Ashe yarinyar ƙirgawa take yi. Muna saukowa ta ce, "Umma, ko kusa ba su kai ba!" Motarsu kuwa ta riga ta iso. Haka Hajiya ta koma Kumasi ba ta ga jiragen masunta daga sama ba, saboda ni.

Dattijon bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Yaro, hau ka ƙirgo." Sau uku na hau na sauka, gwiwoyina suna rawa. Har na baro Akara bai gaya wa Kawu ba.