Fijo 406 da injin V6: ku karanta kafin ku biya kuɗin inji

1/ Tun da na saka bidiyon ƙarar motata ake ta turo min tambaya iri ɗaya: nawa ne injin V6? Jama'a, kuɗin injin ne mafi sauƙi a cikin lissafin gaba ɗaya. Ni dai bai kai rabin abin da na kashe ba. Ku gyara zama.

2/ Motar ta Baba ce, Allah Ya jiƙansa. 406 haɗin Kaduna, daga kamfanin PAN na Kakuri, inda aka fara haɗa 504 tun 1975. Duk wanda ya tashi a gidan ma'aikacin gwamnati a Malali ko Unguwar Rimi ya san matsayin Fijo. Da injinta ya buga aka ce in sayar. Ban iya ba.

3/ Asalin injinta EW10 ne, lita 2, fulogi huɗu, ƙarfin doki wajen 135. Wanda na saka ES9 ne, cc 2,946, fulogi shida, doki wajen 200. Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa: kamfanin da kansa ya fitar da 406 mai wannan injin a Turai, wato an zana jikin da wurin zamansa.

4/ Wannan ya sha bamban da mai ɗauko injin wata mota can daban ya ce mai walda ya nema masa wuri. Na ga irinsu a garejin Kurmin Mashi. An yanke nan, an ƙara ƙarfe can, bonet da ƙyar yake rufuwa. 'Yan Panteka kam ba abin da ba za su ƙera maka ba, hannunsu na da albarka. Amma ƙera mazaunin inji daban, lissafin nauyin da zai ɗauka a guje daban.

5/ Bakanikena tun zamanin Baba yake duba motar. Da na kawo maganar sai ya ce, "Ɗan Baba, ba inji za ka saya ba, gaban mota za ka saya." Wato rabin mota 'yar Kwatano da aka yanko: inji, giyabos, shaf, lagireto, wayoyi, duk a haɗe. Na fi wata biyu ina jira kafin a samu.

6/ Giyabos ɗin ƙaramin inji ba zai hau V6 haka kawai ba, kuma ba a yi shi don wannan ƙarfin ba. Canza giyabos na jawo canza kuloci da shaf. Gaba ya ƙara nauyi, sai sifirin da shokozoba. Salansa ma ba ta tsira ba. Kullum ka je gareji da sabon abu a takarda.

7/ Sai wuta, inda da yawa ke makalewa. 406 ɗin da aka yi daga 1999 tana da wani akwati, BSI, da ke gaisawa da birenbos da ɗan makulli. Idan ukun nan ba daga mota ɗaya suka fito ba, za ka yi ta murza makulli ta ƙi tashi. Daga nan ake fara yanke-yanken waya, mota ta koma yau lafiya gobe tura.

8/ Yanzu birki, kuma don shi na rubuta duk wannan. Mota mai gudun 140 tana ɗauke da kusan ninki biyu na ƙarfin da take da shi a 100. Lissafin makaranta ne: 1.4 sau 1.4. Duk wannan ƙarfin birki ne zai mayar da shi zafi kafin ka tsaya.

9/ Da ƙaramin inji sai ka daɗe kana taka totur kafin allura ta kai can, kana da lokacin tunani. Da V6, ka sauka daga gadar Kawo ka miƙi hanyar Zariya, kafin ka ankara ka kai. Sai ga tirela ta tsaya a Mararraban Jos, ko ɗan acaɓa ya yanko titi. Ƙaramin faifan birki in ya ɗau zafi, takawa kake yana tafiya.

10/ Don haka kafin injin ya sauka cikin motar aka saka birkin gaban V6, aka zuba sabon man birki, na sayi tayoyi huɗu sababbi, ba 'yan gwanjo ba. Tayoyin sun fi komai yi min ciwo a aljihu, kuma ba wanda ya taɓa yaba su a bidiyo.

11/ Zafi ma abin dubawa ne. Ka shiga cunkoson Ahmadu Bello Way daidai Kasuwa a watan Afrilu da injin da ya cika bonet taf, za ka san amfanin babban lagireto da fanka mai lafiya. Kuma fulogi uku na baya suna ƙarƙashin bututun iska, sai an kwance shi ake kai musu. Ba kowane yaron gareji zan bar wa ba.

12/ Mai fa? Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafi ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Yanzu mutane cire V6 suke yi su saka ƙarami, shi ya sa ma masu kayan gyara ke lallashinka ka ɗauka. Tawa ranar Juma'a da tafiyar Zariya take fita. Sauran kwanaki Keke ya wadatar.

13/ Takardu: ka riƙe rasidin injin mai ɗauke da lambarsa, ka je a gyara bayanan motar, ka sanar da masu inshora. Inji marar tarihi yana iya zama na sata, kuma a hannunka za a same shi.

14/ Da daɗi kuwa? Wallahi da daɗi. Hajiya ta ce motar ta daina muryar mai ita. Ban ba ta amsa ba, na dai rage gudu.

15/ Watan jiya ɗan yayata ya zo, ya samu tsohuwar 406 da kuɗin inji, yana so a gama kafin bikin abokinsa don ya ja gaba a rakiyar amarya. Ya ce, "Kawu, inji kawai, birkin daga baya." Na ce to ba da bakanikena ba.

16/ Ya kwana biyu ba ya ɗaga wayata. Shekaranjiya ya turo hoton faifan birki guda biyu a leda, ba ko sallama. Na tura masa lambar Oga, na ce saura tayoyi. Bikin dai da motar babarsa zai je.