Hoton Da Muka Kusa Sa Wa A Bango

Wannan makon za mu ba ku labarin kuskuren da muka kusa tafkawa, ko wani zai tsira da shi.

Ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ya kife a Kogin Neja kusa da Warra, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, sama da mutum 100 suka salwanta. Da yawanmu mun san gidajen da aka yi zaman makoki. Bayan an kwana biyu, mu 'yan ƙungiyar marubuta na wannan yanki muka yanke shawarar haɗa ɗan littafin waƙoƙi da gajerun labarai don tunawa da su.

Da aka zo maganar bango, wani babban yayanmu a ƙungiya ya turo hoto ta WhatsApp: jirgi maƙare da mutane da buhuna yana barin gaɓa. Ya ce jirgin ne, da safiyar ranar. Duk wanda ya gani sai jikinsa ya yi sanyi, nan take muka amince.

Mu biyu da muka yi difloma a fannin kwamfuta muka ce a ɗan dakata. Hoton da waya ta ɗauka yana tafe da bayanan da ido ba ya gani, ana kiransu EXIF, tsarin da aka fito da shi a Japan tun 1995. A ciki akwai irin wayar, rana da lokaci, in kuma an kunna GPS, har da lambobin wurin da mai ɗauka ya tsaya. A yaren kwamfuta na Python akwai wani kundin umarni mai suna Pillow. Layi uku ko huɗu za ka rubuta, ya zazzago maka su.

Muka gwada, ba mu ga komai ba, domin WhatsApp da Facebook suna share waɗannan bayanai idan an tura hoto yadda aka saba. Sai muka ce, “Yaya, a taimaka mana da na asali daga cikin wayar.” Muka jona ta da kwamfuta. Shekarar da ta fito 2019 ce, lambobin wurin kuma suka nuna bakin ruwan Yelwa a Yauri, ba Warra ba. Ya yi shiru, can ya tuna wata tafiya ce ya yi tun da daɗewa. Ba ƙarya ya shirya ba, hotuna ne suka cakuɗe masa, ga kuma alhini.

Ku duba abin da zai faru da mun buga. Fuskokin da ke cikin hoton na rayayyu ne, mu kuma mu jera su cikin mamata. Wata uwa tana iya zuba wa bangon ido tana neman ɗanta a jirgin da bai taɓa shiga ba.

Sai dai kafin mu fara alfahari, abokin aikinmu ya ɗauko wani kundin mai suna piexif, ya mayar da shekarar hoton 1968, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, lokacin da ko mafarkin wayar salula ba a yi a nan. Kwamfuta ta karɓa ba gardama. Ashe abin da ake iya karantawa ana iya sauya shi, kuma ko ba a taɓa ba, agogon waya yana iya zama ba daidai ba. Don haka waɗannan bayanai shaida ɗaya ce kawai. Abin da ya tabbatar mana da gaskiya shi ne bakin mai hoton da kansa.

Akwai ɗaya gefen. Mun ɗauki hoton wata baiwar Allah da ta rasa mijinta, a ƙofar gidanta, da izininta. Da muka duba, ga lambobin gidan nan zaune a ciki. Ta yarda a ga fuskarta, amma ba ta ce a nuna wa duniya hanyar gidanta ba, balle a wannan zamani na rashin tsaro. Muka goge lambobin kafin mu tura wa mai tsara littafi ta imel, domin imel ba ya share komai.

Tun daga nan muka ɗaukar wa kanmu ƙa'ida. Hoton da zai shiga aikinmu, sai mun nemi na asali, mun tambayi wanda ya ɗauka yaushe kuma a ina. Wanda zai fita daga hannunmu, mu cire wurin mutane, amma ba ma taɓa kwanan wata. Ko ba ka iya Python ba, buɗe hoto a wayarka ka latsa wurin bayanansa, za ka ga mafi yawansu.

A ƙarshe hoton ruwa zalla muka sa a bango, wanda muka ɗauka da hannunmu a Warra. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri.