Neman Abincin Ƙasashen Waje A Gari Irin Zariya: Ki Bi Sawun Baƙi

'Yar uwa, idan kina zaune a gari irin Zariya, wanda ya wuce a kira shi ƙaramin gari amma bai kai Kano ko Abuja ba, na san wannan ranar ba baƙuwarki ba ce. Sallah ta zo ko an yi albashi, maigida ya ce yau a huta da girki, a fita a ci abinci a waje. Yara sun kama tsalle, wannan na cewa shawarma, wancan na cewa abincin 'yan China da ya gani a waya. Sai kowa ya zuba miki ido, ana jira ki faɗi inda za a je. Kuɗin da za a kashe a zama ɗaya zai iya yin cefanen kwana uku ko huɗu, don haka ba ƙaramar asara ba ce a je a dawo ana tsaki. Maigida, kai ma ka matso kusa, don maganar ta shafi aljihunka.

Na haura shekara 20 a garin nan, kuma ni mutum ce mai son ɗanɗana girkin wasu. Abin da na koya a tsawon lokacin shi ne wannan: Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari, amma a wajen neman abincin wata ƙasa, baƙo shi ne ɗan garin. Wanda aka raine shi da abincin, wanda yake kewarsa idan dare ya yi, shi ya san inda ake yin sa daidai.

Babban allo da fitilu masu walƙiya ba sa gaya miki komai game da tukunya. Akwai wani wuri da muka taɓa zuwa da iyali, takardar abincinsu shafi huɗu ce, an jera China da Indiya da Italiya da Lebanon. Muka nemi kala uku daga ƙasashe uku. Da aka kawo, shinkafa ɗaya ce aka soya da kori da karas, aka sauya mata faranti da suna da farashi. Ƙaramin ɗana ne ya fara cewa, "Umma, ai duk iri ɗaya ne." Kuku ɗaya da mataimaka biyu ba za su iya riƙe girkin ƙasashe huɗu ba, ko da sun so. Taurarin da ake bai wa gidajen abinci a waya su ma ba su cika taimakawa a gari irin namu ba, domin masu rubuta ra'ayi kaɗan ne, kuma yawanci sanyin ɗaki da kyan kujeru suke yabawa.

Ki juya maganar ki gani. Abincinmu na Hausa shi ma abincin ƙasar waje ne a wasu wurare. A Ghana akwai waakye, shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, kuma sunan daga kalmarmu ta wake ya fito. Suna da tuo zaafi, wato tuwon zafi, suna da kunun da suke kira Hausa koko, tsirenmu kuma suna ce masa chichinga. A Sudan ana cin agashe, wanda Hausawan can suka shahara da shi. A Abijan akwai garba, wato aceke na rogo da soyayyen kifi, wanda ake danganta sunansa da Hausawan Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi. To, da wani zai tambaye ki inda zai sami tuwo da miyar kuka na gaske a Akra, babban otal za ki tura shi? Za ki ce ya nufi Nima ko wani zango, ya nemi rumfar da Hausawa ke layi. Hanyar ke nan, sai dai a nan gida baƙinmu za mu bi.

Zariya kuwa ba ta rasa baƙi ba. Tun da layin dogo ya ratsa ta garin a hanyarsa ta zuwa Kano, inda ya isa a 1911, Sabon Gari ta fara cika da mutanen kudu da na ƙasashen maƙwabta. Kamfanonin Turawa da Kwarori masu sayen auduga da gyaɗa suka biyo baya, har yau unguwar PZ tana ɗauke da sunan ɗaya daga cikin kamfanonin, Paterson Zochonis. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, a 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ga kuma asibitin koyarwa a Shika. Irin waɗannan wurare suna jawo ɗalibai da malamai da likitoci daga nesa, kowa da cikinsa da harshensa. Ƙari a kan haka, akwai 'yan uwanmu da suka yi shekaru a Makka da Jidda da Khartum suka dawo da girkin can a hannunsu. Duk garin da ke da jami'a ko babban asibiti ko tashar manyan motoci yana da irin waɗannan mutane, ko Katsina ce ko Gusau ko Maraɗi.

Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya iya tambaya. Idan kika ce wa baƙo, "Ina ne wuri mafi kyau?" zai duba shigarki ya tura ki inda yake zaton ya dace da ke, wato wuri mai tsada. Ki ce masa, "Idan ka yi kewar gida, ina kake zuwa ka ci?" Ta haka na sami cef. Telan da ke mini ɗinki ɗan Senegal ne, wata rana na same shi da yaransa sun kewaye babban tire da rana tsaka. Na yi masa wannan tambayar, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, matar wani ɗan uwanmu ce ke dafa mana, ba ta da shago." Ranar Asabar na aika da kula da kuɗi. Abin da ya dawo shinkafa ce 'yar gutsuttsura, ja da tumatir, da kifi da aka cusa wa ganye da tafarnuwa da barkono, da rogo da kabeji da karas da gauta, ga ɗan tsamin tsamiya. Har ƙanzo ta saka a gefe, don su ma suna girmama shi kamar mu. Wannan abincin, wanda suke kira cebu jen, wato shinkafa da kifi a yaren Wolof, hukumar UNESCO ta saka shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2021. Ni kuwa a ƙofar shagon tela na gano shi.

Haka na sami kabsa wajen wata baiwar Allah a Tudun Wada da ta yi zaman Jidda, ba ta dafawa sai an yi oda tun ranar Alhamis. Haka wata ɗaliba 'yar Chadi ta haɗa ni da mai yin kisra, waina mai faɗi, siririya kamar takarda, da ake yi da ƙullin dawa mai ɗan tsami, a ci da miyar kuɓewa busasshiya. A gari matsakaici, mafi yawan girki na gaske yana cikin gidaje da ƙananan rumfuna, kuma tallarsa ba ta wuce baki da baki da hoton da ake ɗorawa a WhatsApp.

Idan wuri ne mai kujeru aka nuna miki, kafin ki zauna ki duba su wa ke ci. In kin ga mutanen ƙasar da ake ikirarin abincinsu ne, ko da biyu ne, alama ce mai kyau. Ki duba takardar abincin: gajeriya ta fi doguwa. In aka ce miki abu kaza ya ƙare tun azahar, kada ranki ya ɓaci, ma'anarsa ana dafa daidai na yini ne, ba a ɗumama na jiya.

Sannan kowane girki yana da abin da ake gane shi da shi. Shawarma asalinta daga ƙasashen Sham ne, sunan kuma daga kalmar Turkanci mai nufin juyawa, saboda naman yana juyawa a jikin ƙarfe a gaban wuta ana yankar gefen da ya gasu. Can gida, ta kaza da miyar tafarnuwa ake ci, ta nama da miyar riɗi, tare da kayan lambu da aka jiƙa a ruwan gishiri suka yi tsami. Wadda muka saba da ita a nan, mai mayonis da kabeji da sosej, tamu ce ta Najeriya. Tana da daɗinta, amma kada a karɓi kuɗinki da sunan ta Lebanon. Falafel kuwa ƙosan Larabawa ne, Misirawa da Sudaniyawa na ce masa ɗa'amiyya, kuma kamar ƙosanmu, sai an soya a gabanki yake da daɗi. Biryani na Indiya da Pakistan hawa-hawa ake jera shi a tukunya, shinkafa da nama, a rufe ruf ya turara. Saboda haka launinsa ba ya zama ɗaya, za ki ga fara da rawaya da ruwan ƙasa a faranti guda. In duk ta yi rawaya bai ɗaya, dafa-duka ce aka sa wa kurkum. Mandi daga Hadramaut ta Yaman ya fito, a rami ake gasa naman, romonsa na ɗiga cikin shinkafar da ke ƙasa. Masu yin sa a gida sukan jefa garwashi cikin ɗan kofin mai su rufe tukunya don ƙamshin hayaƙin ya kama. In babu wannan ƙamshin, in naman bai saki ƙashi da kansa ba, ba a kai ga mandi ba. Girkin China na suya kuwa wuta mai ƙarfi yake so da ɗan lokaci, shi ya sa kayan lambunsa ke fitowa da sauran garas-garas.

Akwai tambayar da ta fi ta daɗi muhimmanci, ita ce me ke cikin tukunyar. Kada kunya ta hana ki yi. A girkin China na yau da kullum ana yawan amfani da wata giyar shinkafa wajen jiƙa nama da suya, wasu kuma na soyawa da kitsen alade. China tana da Musulmi miliyoyi da nasu girkin na halal, 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou sun san taliyar naman sa ta Lanzhou da suke ci a unguwar Xiaobei, amma ba kowane kuku ne ya koyi wannan ɓangaren ba. Ki tambaya a fili: ana zuba giya a miya? Ina ake sayo nama? Sosej ɗin da ake sakawa a shawarma na wane nama ne, a nuna miki ledarsa. Mai gaskiya ba ya jin haushin irin wannan tambayar, wani ma har kicin zai shigar da ke. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ki amsa.

Ki kuma tuna da zafin garinmu da halin wutar lantarki. Kaza da aka yanka tun safe aka tara a roba, da kabeji da aka cakuɗa da mayonis ya wuni a waje, su ne ke kwantar da yara da ciwon ciki kashegarin Sallah. Ki je lokacin da ake cunkoso, bayan magariba, lokacin da nama ke ƙarewa ana ɗora sabo. Ki ga ƙarfen na juyawa, wuta na ci, a yanka a gabanki. In akwai mai larurar da ba ya cin gyaɗa ko riɗi ko kifi a gidanku, ki faɗa tun kafin a zuba, domin girkin Larabawa na son riɗi, na Senegal da Kamaru kuma na son gyaɗa da busasshen kifi.

Wajen kuɗi, shawarata ita ce kada a kwashi gida gaba ɗaya zuwa wurin da ba a gwada ba. Ku fara ku biyu, ko a sayo faranti ɗaya a kawo gida kowa ya sa hannu. In ya yi, sai a sa ranar fita. A can ma ku nemi kala uku daban-daban a ajiye a tsakiya, ya fi kowa ya riƙe nasa, don in ɗaya bai yi wa yaro ba zai koma ga wani. Kabsa da mandi da cef dama a tire ɗaya masu su ke cin su, kamar yadda muke haɗuwa a kwano. Wani girkin kuma dole a haƙura sai an je Kaduna, mai nisan kusan kilomita 80, ko Kano. Gara a jira tafiyar da a biya kuɗin suna kawai.

Wannan neman ya kawo wa gidana abin da ya wuce cika ciki. 'Yata ta fari ta koyi naɗa kisra a hannun ɗalibar nan ta Chadi, ita kuma ta tafi gida hutu da dambun shinkafa da ta koya a kicin ɗina. Matar da ke dafa cef, da ta haihu, mun je barka da turmin atamfa, ta ce rabonta da ganin baƙi a ɗakinta tun da ta baro Dakar. Yarana yanzu in sun ji wani na magana da harshen da ba su sani ba a kasuwar Sabon Gari, ba dariya suke yi ba, sukan ce, "Umma, ko me suke ci a garinsu?"

Don haka kafin Sallah mai zuwa, ki duba kewayenki. Telanki, mai yi miki kitso, likitar da ke duba ki a awo, maƙwabciyar da ta yi zaman Saudiyya, abokin karatun ɗanki da ya zo daga Garwa ko Damagaram. Ki gaishe su, ki yi musu tambayar kewar gida, kuma in za ki karɓo nasu, ki tafi da ɗan kwanon naki. Ku kuma 'yan uwa na Katsina da Bauchi da Sakkwato da Maraɗi, ku faɗa mana wane baƙon girki kuka gano a garinku, kuma wa ya nuna muku hanya.